Duka ko Matsi: Gudumar Tururi da Injin Matse Ƙarfe

Da aka fara ƙera manyan jiragen ruwa da igwogi a Turai, ƙarfe ya yi girman da masaba a hannun maƙeri ba ta iya masa komai. Dabara biyu ta rage: a doke shi da inji, ko a matse shi.

Duka ne ya fara cin kasuwa. A 1839 James Nasmyth, injiniya ɗan Sukotilan, ya zana gudumar da tururi ke ɗagawa, ya yi mata rajista a 1842. A wannan tsakanin François Bourdon ya ƙera irinta a Le Creusot ta Faransa. Sai gasar girma ta kankama: kamfanin Krupp ya kafa "Fritz" mai nauyin tan 50 a Essen a 1861, ta Le Creusot kuwa ta kai tan 100 a 1877. Injin matsi mai aiki da ƙarfin ruwa ya girme gudumar tururi, tunda Joseph Bramah ya yi masa rajista tun 1795, amma ya makara wajen shiga maƙera.

Tinƙahon guduma sauri ne. Tana taɓa ƙarfen da ya yi ja ta ɗaga kafin ƙiftawar ido, ba ta ba shi damar hucewa. Kuma tana jin magana: ana ba da labarin yadda Nasmyth kan fasa ƙwai da ita a cikin kofin gilashi, kofin ko tsagewa bai yi ba. Injin matsi kuwa a hankali yake sauka, ya daɗe manne da ƙarfen har ya zuƙe masa zafi. Ga shi da tsada.

Sai dai jinkirin nan shi ne ƙarfinsa. In ƙarfe ya yi kauri, bugun guduma yakan ƙare a sama, tsakiya ba ta san ana yi ba. Matsi yana ratsawa har ciki, ya toshe ramukan da suka rage tun wajen zubi. Ga sandar da ke juya farfelar jirgin ruwa, lafiyar tsakiyar nan ita ce komai. Sannan ga girgiza. Uwar maƙerar gudumar Le Creusot ta kai tan 750, duk da haka wani kaso na ƙarfin bugun ƙasa yake shigewa, ya kaɗa gine-gine. Ma'aikatan da suka yi shekaru a gindin wannan ƙara da kunnuwansu suka biya, abin da bai kamata a manta da shi ba.

An sallami "Fritz" a 1911, ta Le Creusot a 1930. Ta biyun yanzu tana tsaye a mashigar garin don tarihi. Matsi kuwa gaba ya yi: a 1955 Amurka ta tayar da injinan matsi biyu masu ƙarfin tan 50,000 don ƙera sassan jiragen sama.

A ganina, wajen manyan ƙarafa matsi ya yi nasara, kuma ya cancanta. Amma ƙananan kaya da ake so da yawa cikin hanzari, irin su sifana da sassan injin mota, har yau masana'antu da dama guduma suke sa wa ta buga su.