Karɓar Shaida Domin Kotun Wata Ƙasa: Darasi Daga Dokar Ingila ta 1975

Gabatarwa

Ikon alƙali yana tsayawa ne a inda iyakar ƙasarsa ta tsaya. Alƙalin Amurka ba shi da damar aika wa mutumin London sammaci, balle ya hukunta shi in ya ƙi zuwa. To, yaya za a yi idan shaidar da ƙara ta dogara a kanta tana bakin wannan mutum? Manufar wannan takarda ita ce bayyana hanyar da ake bi a ƙararrakin neman hakki, watau waɗanda ba na laifi ba, tare da nuna cewa kotun da aka roƙa tana ba da aron ikonta ne bisa sharuɗɗan dokarta.

Tushen al'amarin

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce ga malamanmu. Littattafan fiƙihun Malikiyya, kamar Tuhfa ta Ibn Asim, sun yi bayani a kan wasiƙar da alƙali kan rubuta wa alƙalin wani gari. Ƙasashen Turai ma da wasiƙar roƙo suka saba aiki, sai dai takan bi ta ma'aikatun harkokin waje da ofisoshin jakadanci, ta yi watanni a hanya.

Domin rage wannan jinkiri aka ƙulla Yarjejeniyar Hague a ranar 18 ga Maris, 1970, ta fara aiki cikin 1972. Ta wajabta wa kowace ƙasa da ta shiga ta naɗa hukuma guda mai karɓar wasiƙun roƙo, ta miƙa su ga kotun da ta dace. Birtaniya ta kafa dokarta cikin 1975 domin cika wannan alkawari.

Yadda ake gudanar da aikin

Kotun da ke sauraron ƙarar ita ce ke rubuta wasiƙar. A ciki takan ambaci masu shari'a, da abin da ake jayayya a kai, da sunan mai shaida, da tambayoyi ko batutuwan da za a tambaye shi. Idan Babbar Kotun Ingila ta gamsu, sai ta ba da umurni, a naɗa wanda zai karɓi shaidar. Mai shaida ya yi rantsuwa, lauyoyi su yi masa tambayoyi, a rubuta jawabinsa, sa'an nan a aika da shi. Alƙalin Ingila ba ya yanke hukunci a kan ainihin ƙarar.

Amma akwai iyakoki guda uku. Na farko, ba a tilasta wa mutum ya lissafa dukan takardun da ke hannunsa. Dole a ambaci takardar da ake nema takamaimai. Na biyu, mai shaida yana da hakkin yin shiru a duk inda dokar Ingila ko ta ƙasar da ta yi roƙon ta ba shi wannan hakki. Na uku, ana iya ƙin roƙon da zai taɓa tsaron ƙasa ko 'yancin mulkinta.

Shari'ar Westinghouse

An gwada waɗannan iyakoki tun dokar tana sabuwa. Kamfanin Westinghouse na Amurka ya yi alkawarin sayar wa kamfanonin lantarki ma'adinin yuraniyom, farashi ya tashi, cikin 1975 ya ce ba zai iya cikawa ba. Da aka kai shi ƙara a wata kotun tarayya a jihar Virginia, sai ya ce wasu masu haƙar ma'adinin ne suka haɗa baki suka tsawwala farashi, har da kamfanin Rio Tinto Zinc na London. Cikin 1976 kotun ta roƙi Ingila ta karɓi shaidar manyan ma'aikatan kamfanin da takardunsa.

Kamfanin ya ce fito da takardun zai iya jawo masa tara a ƙarƙashin dokokin Kasuwar Tarayyar Turai. Ma'aikatan kuwa suka fake da tsarin mulkin Amurka, wanda ya hana a tilasta wa mutum ya ba da shaidar da za ta kama shi da laifi. Ma'aikatar shari'a ta Amurka ta yi musu alkawarin kariya, amma da nufin amfani da jawabinsu wajen binciken laifi. Nan gizo ke saƙa. Cikin Disamba 1977 alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda ita ce kotun ƙoli a wancan lokaci, suka ƙi roƙon, domin an shigo da binciken laifi cikin rigar ƙarar neman hakki, gwamnatin Birtaniya kuma ta ce hakan keta 'yancin mulkinta ne.

Kammalawa

Abin lura ga lauyoyi da ɗaliban shari'a shi ne, wasiƙar roƙo tana cin nasara ne tun daga wurin rubuta ta. Wanda ya san dokar ƙasar da zai roƙa, ya taƙaita tambayoyinsa, ya ambaci takardunsa ɗaya bayan ɗaya, lalle zai fi samun biyan bukata. Wanda kuwa ya jefa koma domin ya ga abin da za ta kamo, yana iya ɓata shekara guda ya koma hannu rabbana, wanda yake wakilta kuma ya rasa hakkinsa saboda rashin hujja.