Tunusiya: kotun da aka kasa kafawa ta buɗe wa mulkin mutum ɗaya ƙofa

A daren 25 ga Yulin 2021, shugaban Tunusiya Kais Saied ya fito a talabijin, manyan hafsoshin tsaro na zaune kewaye da shi, ya ce ya sallami firaminista Hichem Mechichi, ya dakatar da majalisar dokoki, ya kuma cire wa ƴan majalisa rigar kariya. Hujjarsa ita ce aya ta 80 ta kundin tsarin mulki, wadda ta ba shugaba damar ɗaukar matakan gaggawa in ƙasa ta shiga haɗari. Ayar ta tanadi cewa bayan kwana 30 ana iya kai maganar gaban kotun tsarin mulki, ta duba ko har yanzu akwai dalilin ci gaba da matakan. Sai dai babu kotun. Shekara bakwai da rubuta kundin, ba a kafa ta ba.

Kafin wannan dare, Tunusiya ce kaɗai ake nunawa a matsayin wadda ta tsira daga guguwar 2011. A nan aka fara, lokacin da wani mai sayar da kayan marmari, Mohamed Bouazizi, ya cinna wa kansa wuta a garin Sidi Bouzid ranar 17 ga Disamban 2010. Ba a cika wata guda ba Ben Ali ya tsere zuwa Saudiyya, bayan shekara 23 a kan mulki. A Masar soja suka kifar da Mohamed Morsi a 2013. Libiya da Siriya da Yemen suka faɗa yaƙi. Ita ma Tunusiya ta kusa, sa'ad da aka kashe ƴan adawa biyu, Chokri Belaid da Mohamed Brahmi, a 2013. Ƙungiyar ƙwadago ta UGTT da wasu ƙungiyoyi uku suka zaunar da jam'iyyu a teburi, aka samu kundin 2014, su kuma suka samu kyautar Nobel a 2015.

Kundin ya ce kotun ta ƙunshi alƙalai 12: huɗu daga majalisa, huɗu daga shugaban ƙasa, huɗu daga majalisar ƙoli ta shari'a. Wurin ƴan majalisa abin ya cije. Kowane alƙali sai ya samu kashi biyu cikin uku na ƙuri'u, ga Ennahda mai ra'ayin Musulunci da abokan hamayyarta kowa na tsoron kada kotun ta zama ta wani. Aka yi ta zama ana tashi, mutum ɗaya tak aka iya zaɓa. Da suka farga a 2021 suka nemi sassauta dokar, Saied, wanda malamin tsarin mulki ne a jami'a, ya ƙi sa hannu, ya ce wa'adin ya wuce tuntuni. Wa zai raba gardamar? Kotun da babu ita.

Abin da ya fi ba ƴan siyasa mamaki shi ne yadda jama'a suka cika tituna da murna a daren. Ba su rasa dalili ba. An sauya firaminista sau da dama cikin shekara goma, darajar dinari ta ragu da kusan rabi a kan dala, harin Sousse na 2015 da ya kashe mutum 38 ya kori masu yawon buɗe ido, cutar korona kuma ta cika asibitoci a bazarar 2021. Matashin da ya gama jami'a yana zaman kashe wando a Kasserine bai ga abin da majalisa ta tsinana masa ba, balle ya fito kare ta.

Daga nan abubuwa suka tafi da sauri. A 2022 Saied ya rusa majalisar ƙoli ta shari'a, ya kori alƙalai 57, ya kawo sabon kundi da kusan kashi 30 cikin ɗari na masu rajista suka fito zaɓensa. Doka mai lamba 54 ta tanadi ɗaurin shekara biyar ga wanda aka ce ya yaɗa labarin ƙarya a intanet, kuma da ita aka ɗaure ƴan jarida da lauyoyi. An kama jagoran Ennahda, Rached Ghannouchi, a Afrilun 2023.

Baƙi ma sun ɗanɗana. Bayan jawabin Saied na Fabrairun 2023, inda ya zargi baƙin haure ƴan Afirka ta kudu da Sahara da neman sauya fasalin al'ummar ƙasar, an kori da dama daga gidajen haya da wuraren aiki, daga baya aka kwashi wasu daga Sfax aka zube su a hamadar iyakar Libiya. Hakan bai hana Tarayyar Turai ƙulla yarjejeniyar tare ƴan ci-rani da shi a Yulin shekarar ba.

A zaɓen Oktoban 2024 Saied ya samu sama da kashi 90 cikin ɗari, ɗaya daga cikin abokan takararsa biyu, Ayachi Zammel, yana kurkuku. Waɗanda suka fito kaɗa ƙuri'a ba su kai kashi 30 ba. Kundin da ya rubuta da kansa shi ma ya tanadi kotun tsarin mulki mai alƙalai tara, amma har aka yi wannan zaɓe ba a naɗa ko ɗaya ba.