Abin Da Ya Sa Maganin Feshi Yakan Daina Kashe Tsutsar Kabeji

Da na je gida hutun da ya wuce, na tarar da lambun babana a fadama, ganyen kabejinsa duk ya zama kamar rariya. Sau uku yana yin feshi, amma tsutsa tana nan tana ɓarna. Shi dai ya ce jabun magani aka sayar masa. Da muka komo makaranta sai na tambayi malaminmu na aikin gona. Abin da na fahimta shi ne nake so in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Uwar wannan tsutsa wani ɗan mitsitsin malam-buɗe-littafi ne mai ruwan toka, wanda ya fi tashi da almuru. Tana yin ƙwai fiye da 100 a jikin ganye. A ƙasa mai zafi irin tamu, daga ƙwai zuwa balaga bai fi mako biyu ko uku ba. Ashe ke nan kafin a sare kabeji sau ɗaya, an haifi 'ya'ya da jikoki har da tattaɓa-kunne.

To, a cikin dubban tsutsotsin nan akan sami 'yan kaɗan waɗanda tun asali jikinsu yana jure dafin magani. Ba feshin ne ya koya musu ba, haka aka halicce su. In aka yi feshi, sai raunanan su mutu, masu taurin su saura, su auri juna, su hayayyafa. Barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Bayan 'yan watanni sai lambu ya cika da zuriyarsu. Maganin bai canja ba, tsutsar ce ta canja.

Wannan ba a garinmu aka fara ba. A 1953 aka ba da labarin cewa maganin DDT ya kasa kashe ta a ƙasar Indunusiya. A 1990 kuma masana suka tabbatar ta gagari maganin Bt a gonakin Hawai ta Amurka.

Yadda ake gadon taurin Bt ya yi kama da na ciwon sikila. Kowace tsutsa tana karɓar ƙwayar gado ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wadda ta gaji tauri ta gefe guda kawai, cikakken feshi yana kashe ta, amma in ta tsira tana ɗauke da shi a ɓoye, kamar mai AS. In irin waɗannan biyu suka haɗu, ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu zai gaji taurin ta gefe biyu, shi ne magani ba ya taɓawa. Akwai kuma magungunan da gadon gefe guda ma ya isa, nasu taurin ya fi saurin yaɗuwa.

Saboda haka ƙara yawan feshi ba dabara ba ce, share wa masu tauri fili ne kawai. Ga asarar kuɗi, ga guba a abincinmu, ga kuma kashe ƙananan ƙwarin da suke cin tsutsar. Abin da ya kamata shi ne manomi ya duba ƙarƙashin ganye tukuna kafin ya yi feshi, ya bi awon da aka rubuta a jikin kwalba. Ya riƙa sauya magani, amma ya tambayi malamin gona, domin sau da yawa suna ne ya bambanta, dafin ɗaya ne. In ya sare kabeji, ya kwashe ragowar ganye ya binne, ya shuka albasa ko karas a wurin.

Na rubuta wa babana wasiƙa na bayyana masa duk wannan. Ku ma in kun je hutu ku gaya wa na gida. Allah ya ba mu amfani mai albarka, amin.