Ingila: Mai Gida Ba Zai Tayar Da Ɗan Haya Haka Kawai Ba

Mu da muka saba biyan hayar shago ta shekara guda a dunƙule, labarin Ingila abin dubawa ne. Dokar da aka sa wa hannu a Oktoban 2025 ta soke sashe na 21 na dokar 1988, wanda ya ba mai gida damar tayar da ɗan haya ba tare da faɗin dalili ba. Ta kuma hana karɓar kuɗin gaba fiye da na wata ɗaya.

Tun 2018, wajibi ne ƙaramar hukuma ta agaza wa wanda zai rasa muhalli cikin kwana 56. Sai dai mu tuna wa 'yan'uwanmu mazauna Landan: wanda takardun zamansa ba su cika ba, wannan agaji ba ya isa gare shi.