Koren Haske a Jikin Tsohon Gilashi, da Yashin Kuza na Jos

Ana jawo hankalin jama'a, musamman 'yan koli da masu cinikin kayan da, da kuma matan da suka gāji duwatsun wuya ko tambulan daga iyayensu, cewa akwai wani irin tsohon gilashi wanda aka narka shi tare da ma'adinin yuraniyam. Launinsa rawaya ne mai sirkin kore, shigen man basilin, wani kuma kore ne sosai. Masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka suna nemansa, suna kuwa sayensa da daraja. Ya kamata mai shi ya san abin da ke hannunsa, don kada a saye shi a banza, kada kuma tsoron sunan yuraniyam ya sa ya zubar da shi.

Wani masani Bajamushe mai suna Martin Klaproth ne ya gano yuraniyam a shekarar 1789, tun ba a san yana da wani ƙarfi na ɓoye ba. Abin da aka fara sani game da shi shi ne yana rina gilashi. Daga wajen 1830 masu sana'ar gilashi na Bohimiya, watau cikin ƙasar Cek ta yanzu, suka shiga yin kofuna da kwalaben turare da duwatsun ado da shi, sa'an nan Ingila da Faransa da Amurka suka bi sahu. Duwatsun Bohimiya kuwa fatake sun shigo da su Afirka ta Yamma da yawa, har suka zama kayan adon amare a wasu wurare. Yawancin irin wannan gilashi yuraniyam ɗin da ke cikinsa bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyinsa ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Amurka ta ƙwace ma'adinin domin aikin makamai, sana'ar ta tsaya a can har wajen ƙarshen shekarun 1950.

Ido kaɗai ba ya rarrabe shi, domin ƙarfe ma yana sa gilashi ya yi kore. Gwajin da aka dogara da shi shi ne na fitilar nan mai shuɗin haske wadda bankuna da manyan kantuna ke duba takardun naira da ita. Haskenta shi ake kira altarabayolet. A shiga ɗaki mai duhu, a wanke gilashin a goge shi, domin sabulu da gam da ƙura su ma sukan yi ƙyalli su ruɗi mai dubawa. Sa'an nan a haska. Idan da yuraniyam, nan take gilashin zai kama da wani koren haske mai ƙarfi, tun daga cikinsa har waje, kamar an kunna masa wuta a ciki. Da an kashe fitila sai ya koma yadda yake.

A lura da abubuwa biyu da kan jawo kuskure. Tsohon farin gilashi wanda aka sa wa manganis yakan ba da kore, amma dushi-dushi ne, sai an matso da fitila ake ganinsa. Wanda aka rina da kadmiyam kuwa rawaya ko ruwan goro yake bayarwa. Kada mai gwaji ya kalli bakin fitilar, kada kuma ya haska idon wani. In a tsakar gida ake yi da dare, kada a yi mamaki in an ga kunama ta yi ƙyalli, ita ma haka fatarta take.

Babban abin da ake so a fahimta shi ne, wannan koren haske ba shi ne tiririn nukiliya ba. Gilashin yana karɓar hasken fitila ne ya mayar da shi kore, shi ke nan. Tiririn da yuraniyam ke fitarwa ba a ganinsa, ba a jin ɗuminsa, kuma dare da rana yana fita ko da fitila ko babu. Na'urar Gaiga ce ke auna shi. Hukumar kula da nukiliya ta Amurka ta duba irin waɗannan kayayyaki a wani rahoto na 2001, ta samu cewa abin da mai ajiye su ke ɗauka kaɗan ne ƙwarai in an gwada da wanda kowa ke samu daga ƙasa da sararin sama. Ajiye su a kabad ba laifi. Sai dai kada a bar ruwan tsamiya ko na lemun tsami ya kwana a ciki, kada a goga su a dutse ko a huda su har ƙura ta tashi, kada kuma yara su riƙa tsotsar duwatsun. Jigida ko sarƙar irinsa a bar ta don ranar biki.

Ga mutanen Jos da kewaye, inda haɗarin yake ba ya ƙyalli. Tun wajen 1904 kamfanonin Turawa suka fara haƙar kuza a kan dutsen Filato, a shekarun 1950 kuma Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da kwalambait. In an wanke ƙasa an tace kuza, sai a bar wani yashi mai nauyi tsibi-tsibi a Bukuru da Rayfield da Bisichi da Barikin Ladi. A cikinsa akwai monazait da zirkon, masu ɗauke da toriyam da ɗan yuraniyam. Masanan jami'o'in ƙasar nan, har da na Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, sun auna wuraren tace kuza sun samu tiririn ya zarce na sauran ƙasa nesa ba kusa ba. Amma ko an kwana ana haska wannan yashi da fitilar banki, ba zai ba da koren nan ba. Wanda ya gwada ya ga duhu ya ce lafiya lau, ya yaudari kansa.

Yashin yana da laushi da tsabta, ga shi a araha, shi ya sa yake jan hankalin magina. Wanda ya yi yaɓe ko daɓe da shi ya shigo da tiririn cikin ɗakin kwanansa ke nan, shekara da shekaru, tare da wata iska da toriyam da yuraniyam ke saki wadda kan taru a ɗaki marar taga, ta cuci huhu. Haka masu bushe shi da sheƙe shi suke shaƙar ƙurarsa. Saboda haka kada a yi gini da shi, kada a shanya hatsi a kansa, kada a bar yara su yi wasa a cikinsa, masu aikinsa kuma su rufe hanci da baki, su yi wanka kafin su taɓa abinci.

Wanda yake zaton an riga an gina masa gida da irin wannan yashi, ya riƙa barin tagogi a buɗe, ya kuma kai magana ga Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya, wadda dokar 1995 ta kafa, ta fara aiki a 2001, domin a zo da na'ura a auna bango da daɓe.