Mawashi a cikin jakar mafarauci

Kai mai karatu, idan kana fita farauta a dajin Damargu, tsakanin Belbeji da Tanut, ka san kayan da ba ka mantawa da su: gorar ruwa, sanda, wuƙa a cikin kubenta. Akwai abu guda da mafarauta da yawa suke bari a gida, alhali bai fi tsawon yatsa ba. Shi ne mawashi, wato dutsen wasa wuƙa.

Me ya sa wuƙa take dakushewa a daji?

Ƙasarmu ta rairayi ce. Zomo da kurege da zabon daji duk suna birgima a cikinsa, don haka gashinsu da fatarsu cike suke da yashi, wani lokaci har da ƙarangiya. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen wuƙa tauri. Duk sa'ad da ka ja wuƙa a kan fata mai yashi, kana cinye kaifinta kaɗan-kaɗan. In ta gogi ƙashi kuwa, sai bakin ya lanƙwashe. Shi ya sa wuƙar da ka wasa da asuba take zama kamar ba a taɓa wasa ta ba tun kafin azahar. Wuƙaƙen maƙeranmu sukan dakushe da wuri idan ƙarfensu bai sha wuta da kyau ba, amma suna da wani alheri: kaifinsu yana dawowa da sauri.

Mutane suna zaton wuƙa mai kaifi ita ce mai haɗari. A gaskiya dakusasshiya ta fi yanka mai ita, domin sai ka danna ta da ƙarfi, in ta zame kuma sai ta sauka a hannunka ko cinyarka. Na taɓa samun wani ɗalibi a ajin yaƙi da jahilci da ya yi mako uku bai iya riƙe fensir ba, saboda yankan da ya yi wa babban yatsansa wajen fiɗar zomo. Rauni a daji, nesa da likita, ba ƙaramin abu ba ne.

Naman ma yana cutuwa. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, nama kuwa ba ya jira. Dole a fitar da kayan ciki nan take. Wuƙa maras kaifi tana ɓata lokaci, tana kuma yagar tumbi da hanji, ƙazanta ta zuba a kan tsoka. In ta huda maɗaciya, ɗaci ya bi naman. Ga kuma maganar yanka: malamai suna horo da a kaifafa wuƙa don kada dabba ta sha wahala, kuma kada a wasa ta a gaban idonta.

Wane irin mawashi?

Nemi ɗan dutse mai shimfiɗaɗɗiyar fuska, maras nauyi, wanda zai shiga aljihu. Ana sayar da mai fuska biyu a kasuwa, ɗaya mai kaushi, ɗaya mai laushi. In ba ka samu ba, guntun magagari daga wurin maƙeri zai yi, ko da yake yana cin ƙarfe da yawa. Gindin kofin tangaran da ya fashe, wurin da ba shi da santsi, shi ma yana wasa wuƙa. Ka ɗinka masa ƴar jakar fata, ka ɗaura ta a jikin kube, don kada wuƙa ta je inda mawashi bai je ba.

Yadda ake wasawa

Goge wuƙar tukuna, domin jini da kitse suna toshe fuskar dutse. Ɗiga ruwa kaɗan a kansa. Aza shi a kan gwiwa ko kututture, yatsunka suna ƙasa da fuskarsa. Kwantar da wuƙar, sa'an nan ka ɗaga bayanta kamar kaurin fensir. Tura ta gaba, kamar kana son ka yanko siririn ɓawo daga dutsen, tun daga gindi har tsini. Yi haka sau 10, ka juya, ka yi sau 10 a ɗaya gefen. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada hannunka ya riƙa sauya yadda ka karkata wuƙar. Mai hawa da sauka yana dakusar da ita ne da kansa. Daga ƙarshe ka goga ta a kan fata busasshiya, kana jan ta baya-baya. Gwada ta a kan karan ciyawa, ba a kan yatsa ba.

Wajen farka ciki, sa kaifin yana kallon sama, ka tafi a hankali. Da ka gama, rataye naman a inuwa inda iska take kaɗawa, ka wanke hannu da wuƙa da mawashin. Dabbar da ka tarar a mace ko mai alamar ciwo, kada ka feɗe ta. A shekarar 2016 cutar zazzaɓin Rift ta kashe mutane a yankin Cintabaradan na jihar Tawa, kuma tana kama mutum ta hanyar taɓa jini da naman dabba maras lafiya.

Dokar Nijar mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ta ce sai da takardar izini ake farauta, ta kuma hana kashe wasu namun daji sam, irin su jimina da raƙumin dawa. Gandun Gadabeji da ke yamma da mu, wanda aka keɓe tun 1955, ba wurin farauta ba ne. Kafin ka fita, je wurin ma'aikatan gandun daji na Belbeji ko Tanut, su faɗa maka lokacin da aka buɗe farauta da dabbobin da aka yarda ka kama.