Auna Gishirin Teku Daga Sararin Samaniya

Duk manomin rani a Kura da Bunkure ya san farin ɓawon da kan fito a kan kunya idan ruwan madatsar Tiga ya kwanta a gona, magudana ta toshe, rana ta ƙafar da shi. Kanwa muke ce masa, kuma da ido muke ganin abinmu. Gishirin teku kuwa daga sama ake auna shi, kuma ina ganin ya shafe mu, tunda daga tekun Atlantika iskar damina ke kwaso mana laima.

A 2009 hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba tauraron ɗan'adam mai suna SMOS, Amurka ta biyo da SMAP a 2015. Saurare ne aikinsu. Teku na fitar da wata sigina ta rediyo mai rauni, tsawon zangonta santimita 21, kuma gishiri na rage mata ƙarfi. Kilo ɗaya na ruwan teku na ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri. In an ƙara giram ɗaya, ma'aunin siginar, wanda ake karantawa da digirin zafi, na motsawa da kimanin rabin digiri kacal.

To, kafin siginar ta isa sama sai ta ratsa iska. Mai karatu zai zaci hazon hunturu ko gajimare ne matsala, amma su ba sa tare ta sosai. Iskar oksijin ce ke cusa nata zafin, kimanin digiri 2, wato ninki huɗu na abin da ake farauta. Can sama, inda hasken rana ke cika iska da lantarki, siginar na murɗewa. Guguwa na yamutsa fuskar ruwa, ruwan sama na tsarma santimita ɗaya na saman teku, wanda shi kaɗai tauraron ke iya ji. Dole masana su cire waɗannan duka da lissafi, sannan su gwada sakamakon da na'urorin Argo da ke yawo cikin teku.

Taurarin nan biyu suna auna danshin ƙasa ma, har da tamu. Sai dai awo ɗaya yakan haɗiye faɗin kilomita 40, gonakin Kadawa da garin Kura duk a dunƙule. Saboda haka, manomi ɗan'uwana, in ka ga kanwa ta fito, ka yashe magudana, ka kai ƙasar gonarka malaman gona su gwada.